Mai gadi, kuku da masinja: nauyin da doka ta ɗora musu da haƙƙin da ta ba su

Idan gwamnati ta tashi maganar gyaran ilimi, a Kano ko a Jigawa, malamai ake ƙirgawa da ajujuwa da kujeru. Ba kasafai ake jin an ambaci wanda yake kwana a bakin ƙofar makarantar ba, ko matar da take tashi tun asuba ta hura wutar kunun ɗalibai, ko uwar ɗakin kwanan 'yan mata, ko masinja da mai shara da mai riƙon makullin sito. Alhali a makarantar ƙauye su ne suka fi kowa daɗewa a cikin harabar. Malamai da yawa daga cikin gari suke zuwa a babur, ana tashi sun kama hanya. Su kuwa 'yan garin ne, sun san ɗan wane da jikan wane, kuma duk abin da ya sami yaro ko kayan makaranta bayan an watse, su za a fara nema.

Matsayinsu a gaban doka a karkace yake. Nauyi yana hawa kansu daga ranar da suka fara aiki, da takarda ko babu. Haƙƙi kuwa sai an tsaya an bincika wa ya ɗauke su, da wane sharaɗi, kuma wa ya shaida. Daga nan kusan duk wata rigima tasu take tasowa.

Wa ya ɗauke ka?

A firamare guda za ka iya samun mutum huɗu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kowa da ubangidansa daban. Akwai wanda hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta ɗauka, yana da takardar kama aiki da lambar fayil, sunansa yana cikin jerin masu albashi. Wannan ma'aikacin gwamnati ne cikakke, galibi a ƙananan matakan albashi, daga na 01 zuwa na 06, kuma ƙa'idojin aikin gwamnati suna binsa. Akwai ɗan wucin gadi, wanda wani shugaban ƙaramar hukuma ko kansila ya ɗauka da baki, ake ba shi ɗan alawus, mulki yana sauyawa alawus ɗin ya bi ruwa. Akwai wanda ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta suka ɗauka, suna biyansa da abin da aka tara. Sai kuma mai dafa abincin shirin ciyar da ɗalibai, wadda a takarda ma ba ma'aikaciya ba ce, 'yar kwangila ce.

Abin da ya haifar da wannan yamutsi yana cikin tsarin mulki da kansa. Kundin 1999 ya sa sha'anin ƙwadago a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, amma makarantun firamare ya bar su a hannun jihohi, ƙananan hukumomi suna taka rawa wajen tafiyar da su. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, sai jiha ta zuba nata kason kafin ta ɗauka. To amma wannan kuɗi galibinsa na gini ne da kayan aiki da horar da malamai. Albashi daga kason ƙananan hukumomi yake fita, 44 a Kano, 27 a Jigawa, ta asusun haɗaka da jiha. Ke nan mai yin doka yana Abuja, mai gina aji yana ofishin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a Kano ko Dutse, mai biyan albashi yana sakatariya, wanda zai ga an sace ƙofar ajin kuwa hedimasta ne, kuma ba shi da ikon ɗaukar ko mai shara. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma wannan bai sauya wa hedimasta komai ba a kan wanda zai kwana a makarantarsa daren yau.

Shi ya sa yake komawa wurin iyaye. Nan ma akwai ƙulli. Dokar 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka zai iya fuskantar tarar da ta kai naira 10,000, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. Kano ma ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019. Gudummawar da al'umma ta tara da yardarta, a gaban dagaci da liman, aka rubuta a littafin kwamiti, wannan daban. Amma da zarar an tsaya a bakin ƙofa ana koro yaron da bai kawo kuɗin mai gadi ba, an faɗa cikin abin da doka ta hana, kuma sau da yawa mai gadin ne da kansa ake sa wa ya yi korar.

Dokar ƙwadago ta fi saninsu fiye da malamai

Wannan zai ba wasu mamaki. Dokar ƙwadago ta ƙasa, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, da ta zo fayyace wanda take karewa sai ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, ta bar masu aikin ƙarfi da na akawu. Wato lebura da mai shara da masinja da mai gadi su ne ainihin mutanenta. Kuma ta amince da yarjejeniyar baka: idan an ce maka ka zo ka yi aiki za a biya ka, ka zo ka yi, to yarjejeniya ta ƙullu.

Abin da ta tanada ba shi da wuyar ganewa. Cikin wata 3 da fara aiki, sai wanda ya ɗauke ka ya ba ka takarda mai ɗauke da sunansa da naka, da irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da yadda za a rabu. Kada tsakanin albashi da albashi ya wuce wata guda. A kowane kwana 7 akwai hutun yini guda cikakke. Bayan shekara ana aiki, hutun aƙalla kwanakin aiki 6 da albashinsa. Rashin lafiyar da likita ya shaida, har kwana 12 a shekara ba a taɓa albashi. Mace mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata 6 a bakin aiki. Sallama kuwa sai da sanarwa, daga yini guda ga sabon shiga, har zuwa wata guda ga wanda ya shekara 5 ko fiye.

Duk wanda ya san makarantar ƙauye ya san maganar hutun mako ita ce aka fi takewa. Mai gadi guda ne, daga magariba zuwa hantsi, Asabar da Lahadi da ranar Sallah. Idan jiki ya ƙi ko tafiya ta kama shi sai ya turo ɗansa. Kowa ya saba da hakan har ba a ganinsa a matsayin matsala, amma ɗan nan ba ma'aikacin kowa ba ne. In ɓarayi suka sare shi, babu hukumar da ta san da zamansa, in kuma aka zo tantance ma'aikata aka tarar ɗa ne yake aikin uba shekara da shekaru, uban zai iya tsintar sunansa a jerin ma'aikatan bogi.

Mafi ƙarancin albashi kuma wani labari ne. Dokar 2019 ta kai shi naira 30,000, gyaran da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 ya kai shi 70,000. Kano ta amince da 71,000, Jigawa da 70,000. Wanda sunansa yake cikin jerin albashin gwamnati ya shiga ciki. Amma dokar ta keɓe wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin ɗan lokaci, da masu aikin a-yi-a-biya. Ƙungiyar iyaye mai ma'aikaci guda tana cikin waɗanda aka keɓe, haka ƙaramar Islamiyya mai malamai shida da mai gadi. Saboda haka mutum biyu za su iya gadin makarantu biyu da ke kallon juna, ɗaya yana ɗaukar ninkin-ba-ninkin abin da ɗayan ke samu, kuma ba a karya dokar mafi ƙarancin albashi ba. A ganina wannan giɓi ne da gwamnatin jiha ce kaɗai za ta iya toshe shi, domin ginin nata ne, yaran ma ita ta wajabta musu zuwa.

Ranar da aka yi sata

A wata firamare da ba ta da katanga, an wayi gari an kwance farantan sola biyu na rijiyar burtsatse. Kwamiti ya zauna a gindin dalbejiya, aka kira mai gadi, dattijo ne da ya ba saba'in baya, wanda iyaye ke biya. Ya cire takalmi ya durƙusa, hedimasta ya ce ya tashi ya zauna a benci.

"Baba, kana ina aka yi wannan aiki?"

"Ranka ya daɗe, ina nan. Ina ɓangaren sito, don can ka ce in fi sa ido. Tocilar nan kuwa tun kafin azumi na gaya maka ta mutu."

"To, ga shi 'yan kwamiti sun ce a riƙe kuɗinka na wata uku a rage asara."

"Malam, wanne za a riƙe? Na watan jiya ma ban gan shi ba."

Aka yi shiru, wani ya yi gyaran murya, aka koma maganar wa za a tura ofishin 'yan sanda.

Abin da kwamitin ya so yi, doka ba ta yarda da shi ba. Dokar ƙwadago ta hana cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke masa albashi. Inda ta yarda a cire wani abu saboda asara, sai an tabbatar ganganci ne ko sakacin ma'aikacin ya jawo ta, kuma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tun kafin a cire. Gaba ɗaya abin da za a cire a wata guda kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Limamin da ke cikin kwamitin ma ya san hukuncin ta wata hanyar: a fiƙihun Malikiyya mai gadi amintacce ne, ba a ɗora masa ramuwar abin da ya ɓata sai in an kama shi da sakaci ko ha'inci, kuma ijara ba ta inganta sai an san lada an san wa'adi. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kuwa babu wanda bai haddace shi ba a wurin.

Wannan ba ya nufin mai gadi ba ya laifi. Barci a bakin aiki yana cikin laifuffukan da ƙa'idojin aikin gwamnati suka lissafa da suna, ƙaurace wa aiki ba izini kuma ya fi shi girma, yana iya kai mutum ga kora. Wanda ya haɗa baki aka kwashe kwanon rufi ko littattafan da aka kawo a raba kyauta, ya tashi daga maganar horon ofis ya koma ta kotu, kuma dokar hukunta laifuffuka, wato Final Kod, ta fi tsananta wa ma'aikacin da ya saci kayan da aka ba shi amana fiye da ɓarawon waje. Sai dai ko a nan akwai tsari. Ma'aikacin gwamnati sai an ba shi takardar tuhuma, an ba shi lokaci ya amsa, kwamitin ladabtarwa ya saurare shi. Hukumomi da dama sun sha kaye a kotu da gaskiyarsu a hannu, don kawai sun tsallake wannan mataki.

Akwai kuma iyakar abin da ake iya nema daga gare shi. Tun daga sace ɗaliban Chibok a 2014, zuwa Dapchi a 2018, Ƙanƙara a ƙarshen 2020, Kagara da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, maganar tsaron makarantu ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu a 2021, aka kuma kafa cibiyar kai ɗauki ƙarƙashin rundunar sibil difens a 2023. Duk wannan bai mai da dattijo mai gora soja ba. Aikinsa ya lura, ya yi kururuwa, ya buga waya, ya san lambar dagaci da ta 'yan sintiri da ta DPO. Bindiga, ko ta toka ce, sai da lasisi. In ya kama ɓarawo doka ta ba shi dama ya riƙe shi ya miƙa wa 'yan sanda ba tare da jinkiri ba, amma in aka taru aka lakaɗa wa ɓarawon dukan da ya kai shi lahira, shi za a fara ɗauka.

Yaran da ke hannunsu

Nan ne nauyin ya fi girma, kuma nan ne aka fi barinsu ba horo. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta jima ba ta shigo jihohin nan ba. Jigawa ta yi tata a Disambar 2021, Kano a Mayun 2023. Dokokin ba su ce malami kaɗai ba. Duk babban da aka ba amanar yaro, kuku ne ko direban motar makaranta, yana cikin waɗanda za a tuhuma idan ya cutar da shi ko ya yi sakaci da shi.

Ɗauki misalin bulala. A makarantu da yawa mai gadi ne yake tare 'yan makara a ƙofa da tsumagiya. Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta yi wa uba da malamin makaranta rangwame a kan horon da bai kai ga mummunan rauni ba. Mai gadi da masinja ba su cikin waɗanda ta ambata, manufar 2021 kuwa gaba ɗaya ta nufi a raba makarantu da duka. Ranar da tsumagiya ta sami ido, hedimastan da ya ce a riƙa zane su zai ce shi bai ce a kai haka ba.

Haka aike. Yaro ya ɗebo wa kuku ruwa daga rijiya, ya faso itace, a kwashi 'yan aji biyar a kai su gonar wani ma'aikaci cirar gyaɗa ranar Alhamis. Mu da muka tashi a haka muna ganin tarbiyya ce, wani lokacin ma tarbiyyar ce. Amma lokacin darasi na yaro ne, kuma in ya faɗa rijiya ko maciji ya sare shi a gonar, tambayar farko ita ce wa ya aike shi.

Sai abin da ba a son faɗa. Uwar ɗakin kwana da mai shara su ne suke fara ganin yarinyar da ta daina cin abinci, ko wadda wani babba yake yawan kira ofis bayan an tashi. A ƙauye wanda ake zargin yana iya zama ɗan'uwan wanda ya samo maka aikin. Sai a ce a rufa asiri, a sasanta a zaure. Sulhun zaure ba ya goge laifin fyaɗe, kuma wanda ya sani ya taimaka aka ɓoye, ya jefa kansa cikin shari'ar. Abin da ake bukata daga ƙaramin ma'aikaci kaɗan ne: ya sanar da shugaban makaranta ko malamar da ke ba da shawara a ranar, in kuwa shugaban ne abin zargi, ya wuce zuwa sakataren ilimi ko ofishin shiyya ko 'yan sanda. Ba aikinsa ba ne ya titsiye yarinyar da tambayoyi, ko ya kai labarin majalisar mai shayi. Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda majalisar ilimi ta ƙasa ta amince da kafa su a 2005, kuma shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN ya ƙarfafa su a Kano da Jigawa daga 2008, an sa mata da wakilan ɗalibai a cikinsu ne domin irin wannan magana ta sami inda za ta faɗa.

A makarantar kwana akwai ƙarin nauyin lafiya. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023, ko yadda sanƙarau ke zagayowa da zafin bazara, ya san yaron da ya kwana da zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba a ba shi farasitamol a ce ya kwanta. Uwar ɗaki ba nas ba ce, kuma kada a mai da ita. Asibiti za a kai, a sanar da iyaye, a rubuta.

Wasu iyakokin a taƙaice suke. Shiga aji a koyar aikin wanda ya yi rajista da hukumar rajistar malamai, wato TRCN, ne, mafi ƙarancin shaidarsa NCE. Akawun da ake tura wa aji uku don ba malami, taimako yake yi, amma ba zai sami matsayin malami ko alawus ɗinsa ba. Dokar satar jarrabawa ta 1999 ta haɗa da duk ma'aikacin da ya fitar da takarda ko ya shigar da amsa, ko da masinja ne aka ba ambulan. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa hoton yaro da bayanansa sai da yardar iyaye, abin da masu ɗaukar bidiyon ɗalibai suna watsawa a TikTok ya kamata su sani.

Masu girki

Shirin ciyar da 'yan firamare na tarayya ya fara a 2016, ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka ƙara zuwa 100. An ɗauki matan unguwa, aka yi musu gwajin lafiya, aka buɗe musu asusun banki. A cikin kuɗin nan mace za ta sayi shinkafa da wake da manja da itace, ta biya mai baro ya tura mata kuloli zuwa makaranta, abin da ya ragu shi ne ladanta. Lissafin da aka ba ta na rajista ne, amma ranar da labari ya bazu cewa yau akwai ƙwai, har ƙannen da ba su isa shiga makaranta ba sai sun biyo yayyensu da kwano. Sai ta rage ludayi. Gobe mai sa ido ya zo ya ce abincin bai kai ba.

Nauyinta cikakke ne. In abinci ya lalace yara suka kama amai da gudawa, ita duba-gari zai nema, ita za a kai gaban hukuma. Amma da yake 'yar kwangila ce, ba ta da hutun haihuwa, ba fansho, ba sanarwar sallama. Da aka dakatar da shirye-shiryen tallafin tarayya a Janairun 2024, girki ya tsaya, ba wanda ya bi ta da ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kukun makarantar kwana ta gwamnatin jiha, in yana da takardar kama aiki, shi ma'aikaci ne kamar kowa, kuma bai kamata a haɗa su a lissafi guda ba.

Rauni, tsufa da ƙorafi

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi gwamnati da masu zaman kansu. Mai ɗaukar aiki ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, ba a cire wa ma'aikaci komai. Kukun da tafasasshen ruwa ya ƙona, leburan da ya faɗo daga rufi yana gyaran kwanon da iskar farkon damina ta yaye, har wanda ya yi hatsari a hanyarsa ta zuwa aiki, duk suna ciki. Sharaɗin shi ne a sanar da shugaban wurin aiki cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda. Mu kuwa mun saba da karo-karo da "Allah ya kiyaye gaba", sai wa'adi ya wuce. Tambayar da ƙungiyoyin ƙwadago irin NASU, ta ma'aikatan makarantu da ba malamai ba, da NULGE, ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, ya kamata su riƙa yi a kowace sakatariya ita ce ko ana zuba wannan kashi ɗayan.

Fansho na mai lambar fayil ne. Jigawa tana da tsarinta na karo-karo tun 2001, Kano tun 2006, ana cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100, gwamnati ta ƙara nata. Wanda ya shekara ashirin yana gadi a hannun ƙungiyar iyaye zai tashi da addu'a da ɗan abin da aka tara masa ranar sallama. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko 40 na aiki, malamai ta ambata. Masinja da mai shara suna nan a kan 60 ko 35.

Wanda aka zalunta, kotun da ke da hurumi a kan rigimar aiki ita ce kotun ma'aikata ta ƙasa, bisa gyaran tsarin mulki na 2010, kuma tana da reshe a Kano. Tana duba yadda abin yake a zahiri: wa ke ba da umarni, wa ke biya, wa ke iya kora. Sai dai daga Gwaram ko Doguwa zuwa can, da kuɗin mota da na lauya, ya fi ƙarfin mai albashin da ake rigima a kansa. Matakan kusa sun fi: sakataren ilimi, ƙungiya, ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke babban birnin jiha, da hukumar karɓar koke-koken jama'a, wadda ba ta karɓar kuɗi. Kada a yi nawa, domin lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da dokar da ta ba da wata 3 kacal a kai jami'in gwamnati ƙara.

Duk inda aka je, abin da za a fara nema shi ne shaida, kuma wannan kwamitin makaranta zai iya samar da ita ba tare da jiran Kano ko Dutse ba. Takarda guda ta isa, da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta wa mutum a gaban shaidu. A rubuta wa ya ɗauke shi, aikin me, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, wace rana ce hutunsa kuma wa zai riƙe masa, nawa ne ladansa da ranar biya, wa zai sayi tocila da batir da katin waya, abin da aka hana shi yi da yara, da wanda zai kai wa rahoto in ya ga abin da bai gamsu da shi ba. Shugaban kwamiti da hedimasta su sa hannu, shi ya dangwala yatsa, dagaci ya shaida. Kofi ɗaya a ofis, ɗaya a hannunsa, ɗaya a tura wa sakataren ilimi. Duk wata in an biya shi a rubuta a littafi ya sake dangwalawa, watan da ba a biya ba kuma a rubuta bashi ne.